An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Koyar da Aikatau

Kwanakin baya wani ɗan'uwa malami, mai riƙe da wata makarantar kuɗi a wannan yanki namu, ya yi rubutu a jarida kan abin da yake ganin ya kassara Turancin yaran Kudancin Kaduna. Wani abokin aiki ne ya yanko shafin ya kawo mini har gida yana murmushi, don ya san inda zai sosa. Ban taɓa haɗuwa da Malam ido da ido ba, amma ƙurar alli ɗaya muka shaƙa, saboda haka abin da zan faɗa gyara kayanka ne, wanda bai zama sauke mu raba ba.

Bari in kawo maganarsa yadda ya ajiye ta, ba ragi. Malam ya ce aikatau ne ginshiƙin jimlar Turanci, kuma littattafan firamare sun kasa shi gida uku. Akwai na aiki, irin su "run" da "eat". Akwai mataimaka, irin su "will" da "can" da "has", masu tsayawa gaban wani aikatau su ɗora masa lokaci ko iko. Akwai kuma mahaɗa, irin su "is" da "become", waɗanda ba aiki suke nunawa ba, ɗaure suna kawai suke yi da abin da ke bayyana shi. Ya ce yaron da ya bar aji shida bai rarrabe waɗannan uku ba, har jami'a zai kai yana tuntuɓe. Daga nan sai ya nuna wa Hausa yatsa. A ganinsa Hausa ba ta da mataimakan aikatau, ba ta kuma da kalmar da ta yi daidai da "is", don haka duk malamin da ya juya bayani zuwa Hausa, giɓin harshen yake zuba wa yaro a ka. Maganin da ya kawo shi ne a rubuta jeri uku a allo, yara su haddace, a riƙa bita kowace safiya, a kuma dawo da cin tarar duk wanda ya yi yaren gida a harabar makaranta, kamar zamanin tsofaffin da yake yabon Turancinsu. Ya ƙara da cewa Hausa ma ba harshen uwa ba ce ga yawancin yaran nan, domin Bajju ne da Atyap da Ham da Fantswam da sauransu, kuma ita ce ke lashe harsunan nasu, to don me za a ƙara mata gindin zama a aji? Ya rufe da cewa gwamnatin tarayya ma ta farga, tunda ta soke tsarin koyarwa da harshen uwa.

Akwai inda na sara masa. Gaskiya ne yaranmu na shan kashi a hannun aikatau na Turanci, duk wanda ya taɓa duba takardun jarrabawa ya sani. Gaskiya ne kuma harshen gida yakan leƙo ta cikin Turancin yaro. Wanda ya saba cewa "ina da ƙanne biyu" ba wuya ya rubuta "I am having two brothers", domin ya ga "ina" ya ɗauko "I am". Sai dai wannan kuskure har a Legas da Inugu ana jin sa, inda babu Hausar da za a ɗora wa laifi. Ciwon da Malam ya gani yana nan. Maganin da ya rubuta ne na wani ciwon daban.

Mu fara da cewa Hausa ba ta da mataimaka. Malam, ka tsaya a kasuwar Kafanchan lokacin da citta ta shigo, ka ja yarinya 'yar shekara biyar da hira kan sana'ar uwarta. Za ka ji: Mama ta sayar da citta. Mama tana sayar da citta. Mama za ta sayar da citta. Mama takan sayar da citta. Kalmar "sayar" ko gezau ba ta yi ba a jimlolin nan huɗu. Abin da ke sauyawa shi ne ɗan abin da ke gabanta: ta, tana, za ta, takan. Shi ke shaida maka an gama, ko ana ciki, ko ba a fara ba, ko kuwa al'ada ce ta kullum. In ba wannan ne aikin mataimaki ba, to mene ne aikinsa? Me "has" da "is" da "will" suke yi a gaban "sell" wanda ya wuce haka? Na sani masana nahawun Hausa, daga Farfesa M.K.M. Galadanci da littafinsa na 1976 har zuwa Paul Newman da babban kundinsa na 2000, ba su sa waɗannan ƙananan kalmomi cikin ajin aikatau ba. Malaman Hausa kan kira su zagin aikatau, kuma sunan ya yi, domin zagi shi ne mai tafiya gaban dokin sarki yana share masa hanya. Suna ya bambanta, aiki ɗaya ne. Yaro kuwa aikin yake bukatar ganewa kafin suna.

In ma Malam ya dage sai an nuna masa aikatau na sosai da ke taimaka wa wani aikatau, ai ga su nan birjik: na iya tuƙi, ta fara kuka, ya daina sha, ku riƙa zuwa, kada ka sake faɗi. Ga wanda na fi so. Ka ce wa yaro "na taɓa tukunya", sannan ka ce masa "na taɓa zuwa Jos", ka tambaye shi me ka sa wa hannu a jimla ta biyu. Dariya zai yi, ya ce ba komai. Kalma ɗaya ce, a can tana aikin kanta, a nan tana yi wa wata hidima. Wannan dariyar ita ce darasin "have" gaba ɗayansa: "I have a goat", ina da akuya, "I have eaten", na ci. Yaron da ya gane "taɓa" biyu, cikin minti biyar yake gane "have" biyu. Shi ne abin da Malam ke son a ci tarar yaro a kansa?

Ba Hausa kaɗai ba ma. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raina tun shekarun 1920, lokacin da layin da ya taso daga Fatakwal ya ratsa ta nan aka kuma fitar da reshe zuwa Jos. Ibo da Yarbawa da sauran mutanen kudu sun zauna, Turancin buroka ya samu wuri. Yaron da ke cewa "I dey go", "I don go", "I go go", shi ma da zagi uku yake wasa a gaban aikatau guda. Yaranmu ba su shigo aji hannu rabbana ba. Da yawansu harshe biyu ko uku suke tafe da su, kowanne da mataimakansa.

Sai batun "is", inda Malam ya fi ɗaga murya. Eh, Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da ita. Amma mu duba dalili. Bitrus manomi ne. Bitrus yana gona. Bitrus yana noma. Akwai ruwa a rijiya. Shayi ya yi sanyi. Jimloli biyar ke nan, kowace da ginin da ya dace da ita: ta farko ta faɗi ko wane ne shi, ta biyu inda yake, ta uku abin da yake yi, ta huɗu samuwar abu, ta biyar halin da abu ya shiga. Juya su zuwa Turanci ka gani: "is a farmer", "is on the farm", "is farming", "there is water", "the tea is cold". Kalma ɗaya ce ta ɗauki kayan duka biyar. To wa ke da giɓi a nan? Mai kayan aiki biyar a rumbu, ko mai fartanya ɗaya da yake noma da ita, ya yi sassabe da ita, ya kuma haƙa rijiya da ita? Ba raina Turanci nake yi ba, kowane harshe da yadda ya raba kayansa. Abin da nake nunawa shi ne wahalar yaro ba daga rashi ta zo ba. An ba shi kalma ɗaya mai fuska biyar, ba a gaya masa tana da fuska biyar ba.

Kuma a nan ne Hausa ke zama ma'auni a hannun yaro. Littafi ya ce "is" wani lokaci mahaɗi ne, wani lokaci mataimaki. Ta yaya ɗan aji huɗu zai san wanne ne wanne? Ya juya jimlar a zuciyarsa. In ta fito da "ne" ko "ce", mahaɗi ne: Bitrus manomi ne. In ta fito da "yana" ko "tana" tare da wani aiki a baya, mataimaki ne: Bitrus yana noma. Ba jeri, ba hadda, ba bulala. Ga kuma "zama", cikakken aikatau mahaɗi da kowane yaro ya sani tun daga addu'ar kakarsa, Allah ya sa ka zama likita. "Become" ke nan, ba ƙari ba ragi.

Abin da ya zame wa yaro sabo na gaske, wanda ya kamata malami ya kwashe mako guda a kansa, abu ne da Malam bai ma ambata ba. "Ne" da "ce", waɗanda malaman Hausa ke kira dirka, ba ruwansu da lokaci. Bara Bitrus ɗalibi ne, bana malami ne. "Ne" bai motsa ba, "bara" da "bana" ne suka ɗauki nauyin. Turanci kuwa dole ya ce "was" a farko, "is" a baya. Sannan dirka jinsi take bi, namiji ko mace, alhali "am" da "is" da "are" mai magana da adadi suke bi. Nan ne ainihin inda ƙafar yaro ke zamewa, kuma wanda ya jera harsunan biyu gefe da gefe ne kawai zai ga wurin. Wanda ya kulle Hausa a waje, sai dai ya ga yaro ya faɗi, ya ce daƙiƙi ne. Af, kafin Bakano ya tsoma baki: na sani a Hausarmu ta nan sau da yawa "ne" ke cinye "ce", ka ji an ce "mace ne" ba wanda ya ɗaga gira. Ku yi dariyarku. Ma'aunin dai yana aiki ko da "ne" ɗaya.

Yanzu ga hadda. Ina sabon malami a wata firamare da ba sai na faɗi sunanta ba, na koya wa 'yan aji huɗu abin da ni ma aka koya mini, cewa aikatau kalmar aiki ce, "a verb is a doing word". Suka yi ta rerawa har kwanon rufin ajin na amsawa. Na rubuta "The goat is dead" a allo, na ja layi ƙarƙashin "is", na ce ga aikatau. Wata yarinya a layin baya, mai guntun fensir ɗaure da zare a wuya don kada ya ɓace, ta sunkuya ta raɗa wa maƙwabciyarta: "To, me akuyar take yi? Ai ta mutu." Monita ya ji, ya rubuta sunanta cikin masu yaren gida. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na karɓi tarar. Sai da dare ina kwance abin ya dawo mini. A duk zangon nan babu wanda ya yi tambayar nahawu da ta kai tata. Ita kaɗai ce ta lura cewa ma'anar da na ba su ba ta ɗauki jimlar da na rubuta ba. Ta gano aikatau mahaɗi da kanta kafin in koyar da shi, ladan da ta samu kuwa shi ne kuɗin ƙosanta ya koma aljihun makaranta.

Wannan ita ce illar jeri. A Amurka, inda wannan rabon gida uku ya fi ƙarfi a littattafan yara, malamai kan sa a haddace mataimaka 23, har da waƙa. Ƙidayar daidai ce. Amma fiye da rabin kalmomin da ke cikin jerin suna iya tsayawa su kaɗai ba tare da sun taimaki kowa ba: dangin "be" takwas, dangin "have" uku, dangin "do" uku, 14 ke nan. Yaron da ya haddace cewa "did" mataimaki ne, me zai ce in ya ga "Ladi did the work"? Jerin mahaɗa ma haka. An ce masa "taste" da "look" mahaɗa ne. Sai ga "Ladi tastes the soup" da "The soup tastes sour". Hadda ba ta da abin cewa a nan, domin harafi ɗaya bai bambanta ba. Hausa kuwa nan take ta raba gardama: Ladi ta ɗanɗana miya, miya ta yi tsami. A ta farko akwai harshe da cokali, a ta biyu miyar ba ta ɗanɗana kowa ba. "He looks at the board", yana duban allo. "He looks tired", da alama ya gaji. Ba kalma ce ke da aji ba, aikin da take yi cikin jimla shi ke ba ta aji, kuma ba a gane aikin sai an gane ma'ana. Da wane harshe ɗan shekara tara zai gane ma'ana, in ba wanda yake mafarki da shi ba? Aku ma yana hadda, Malam, amma ba mu taɓa jin ya ci jarrabawa ba. Kuma "did you went?" da muke gani a takardun yara, daga wace Hausa ta fito? Babu. 'Yar hadda ce tsantsa: an ce "did" na jiya ne, an ce "went" na jiya ne, yaro ya haɗa su don ya tabbatar.

Malam ya yi kewar tsofaffi masu tsabtataccen Turanci. Ni ma ina kewarsu. Amma ya tambaye su da wane harshe suka fara karatu. Mishan na SIM da suka zauna a Kwoi da Kagoro da Hausa suka yi ta koyar da karatu da rubutu, Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikakke a 1932, makarantun elemantare na Arewa kuma, a wancan zamani, da Hausa suke farawa kafin a shiga Turanci. Mutanen da yake kafa hujja da su, ta kan gadar da yake son rushewa suka haye. A ɗaya ɓangaren kuma, a zaurukan malamai daga Zariya har cikin garin Jama'a, ɗaruruwan shekaru ana karanta littafin nahawun nan Ajurumiya, malam ya ja Larabci ya fassara da Hausa gaɓa-gaɓa, har a kai babin "kana" da 'yan'uwanta, waɗanda kusan aikin mahaɗan nan suke yi. Wannan hanya ce ta fitar da irin su Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rubuta littattafai sukutum kan nahawu da sarfun Larabci, kuma ba mu ji an ci shi tara don ya yi Fulatanci a gaban malaminsa ba. Larabcin kansa, in zai ce Zaidu malami ne, suna biyu yake jerawa ba tare da aikatau a tsakani ba. Rashanci ma haka yake yi a lokaci mai ci. Duk da wannan babban giɓi, Rashawa sun daure sun harba Yuri Gagarin sararin samaniya a 1961.

Ba sai mun je Rasha ba. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun gudanar da gwaji: aka koyar da wasu yara dukan darussa da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma ya zama darasi guda a hannun malamai ƙwararru. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa kuwa sun yi musu fintinkau. A nan ƙasar aka yi, da yaran ƙasar nan.

Na zo kan maganar da ta fi nauyi cikin rubutun Malam, kuma ba zan yi mata riƙon wasa ba. Gaskiya ne Hausa na danne ƙananan harsuna a Kudancin Kaduna. Ka shiga gida a Katsit ko Takau ka ji kaka na magana da yarenta, jika na amsa mata da Hausa. Fatauci ya kawo ta, mulkin sarakuna da na En'e ya kafa ta, coci da masallaci da kasuwa da tashar mota suka raine ta. Wanda yake jin zafin ganin Jju ko Tyap ko Hyam ko Gworok na ja da baya a bakin 'ya'yansa yana da gaskiya, ba kuma zan ce masa ya yi haƙuri ba. Amma a duba maganin da Malam ya kawo. Tarar tasa ba ta ware Hausa ba, duk yaren gida ta haɗa. Yaron da ya yi Jju zai biya, wanda ya yi Tyap zai biya. Wato don a ceci Jju daga bakin Hausa, sai a ci tarar mai yin Jju? Wane darasi yaro zai ɗauka in ban da cewa harshen kakarsa laifi ne mai farashi? Shekaru nawa aka yi ana wannan tara a makarantunmu, harshe nawa ta farfaɗo?

Ni ban zo yi wa Hausa lauya ba, masu jin ta miliyoyi ne, ba ta bukatata. Abin da nake karewa shi ne harshen da yaro ya shigo da shi, ko wanne ne. A ƙauyukan Zonkwa, malamin da ke jin Jju ya kafa tsaninsa da Jju. A wajen Samarun Kataf, da Tyap. A Kwoi, da Hyam. Amma a tsakiyar Kafanchan, inda aji guda zai tara Bajju da Kaninkon da Ninzo da Bahaushe da Bafulatani da Ibo, wane harshe ne duka suke faɗa da shi a filin ƙwallo? Malam ya san amsa. Kuma ba abin da ya hana, bayan an rubuta "she is cooking" an ce "tana girki", malami ya ce kowa ya faɗa da yaren gidansu, a nemo ɗan abin da ke nuna ana cikin aikin. Na sha yi. Ranar ce za ka ga yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba ya miƙe, domin yau shi ne masani, malam ne ɗalibi. Wannan ya fi tara amfani ga Jju nesa ba kusa ba. Irin wannan dabara ce ya kamata a riƙa horar da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya a kanta kafin su riƙe alli.

Hujjar gwamnati kuwa ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ce a fara firamare da harshen uwa ko na al'ummar da ke kewaye. A ƙarshen Nuwamban 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka faɗaɗa abin zuwa shekara shida, shi da kansa kuma ya ce aiwatarwa sai an samu littattafai da malamai. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, yana nuni da faɗuwar ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. To mu yi lissafin 'yan aji biyu. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023, a aji uku sokewar ta same shi. Wanda ya zauna WAEC a 2025, wajen 2013 ya fara firamare. Ta yaya dokar 2022 ta kayar da shi? Kuma a wace makarantar gwamnati a Ƙaramar Hukumar Jama'a aka taɓa ganin littafin lissafi na Jju ko na kimiyya da Tyap? Waɗanda suka faɗi, da Turanci aka koyar da su, ko abin da ake kira Turanci. An bar jaki ana dukan taiki.

Jakin kuwa ba ɓoyayye ba ne. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta gindaya ba, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka yi jarrabawar, ni ma ina da abin cewa a kai, amma ba yau ba. Ko da rabin adadin ne gaskiya, tambaya ta tsaya: in aka ce Turanci zalla, Turancin wa? Malamin da shi kansa yake cewa "did you went", a hana shi harshen da zai iya bayani da shi, a bar shi da yara tamanin da jeri uku a allo. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Makarantar Malam mai yiwuwa tana da yara ashirin a aji, iyayensu na Turanci a gida, akwai talabijin da littattafai. A can hadda ba za ta yi ɓarna sosai ba, domin yaran sun riga sun ji harshen a kunne, suna kawai ake raɗa wa abin da suka sani. Kada a auna ɗan Godogodo ko Jagindi da wannan mudu.

Matsayina a fili yake. A koyar da Turanci, a koyar da shi sosai, yara su ji shi su faɗe shi su rubuta shi kowace rana, domin da shi za su zauna jarrabawa su nemi aiki. Aikatau ukun nan ma a koyar da su, ban ce a jefar ba. Amma daga jimla za a fara, ba daga jeri ba. A aji ɗaya zuwa uku kada a dami yaro da sunaye, ya tashi ya yi tsalle ya ce "I am jumping", ya zauna ya ce "I have jumped". Daga aji huɗu a ɗora jimlar Turanci kusa da ta harshensa, a bar shi ya nemo zagi da dirka da kansa, ya ga inda harsunan suka yi tafiya tare da inda suka raba hanya. Sai ya gane sannan a ba shi sunan. Minti biyar na Hausa cikin darasin minti talatin da biyar bai taɓa kashe Turancin kowa ba. Tara kuwa a bar ta inda tarihi ya ajiye ta.

In Malam bai gamsu ba, gani ya kori ji. Ya zaɓo 'yan aji huɗu daga kowace firamaren gwamnati tsakanin Kafanchan da Kagoro, mu raba su biyu. Ya ɗauki rabi ya ba su jerinsa har mako biyu, ni in ɗauki rabi. Sannan wani malami na uku ya rubuta jimloli goma da ba wanda ya taɓa gani cikinmu, yara su nuna wanne ne na aiki, wanne mataimaki, wanne mahaɗi, su kuma ƙirƙiro nasu. Sharaɗina ɗaya ne: a sa "The soup tastes sour" a ciki, a kuma sa ta akuyar nan.